Dattijon Bakin Tur'a

Ustaz Salih ne ya binne allolin mutanen dā gaba ɗayansu. Da alli ya yi aikin, ranar Litinin da Laraba, a gaban yara arba'in da rabinsu ke gyangyaɗi.

Shekara talatin da ɗaya yana koyar da tarihi a makarantar ƙauyensu, kudu da garin Wad Haddad a Sudan. Tagogin ajin suna kallon tur'a, babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonaki. Ya ba yara labarin mai kan zaki da mutanen Kush suka sassaƙa a dutse, da mai tumbi da Misirawa ke cewa shi ke aiko ambaliya, da mai gemu na Girkawa da ke kifar da jirage in ransa ya ɓaci. Ƙarshen darasin kullum ɗaya ne: mutum ya ji tsoron ruwa, ya raɗa wa tsoron suna. Da aka daina kiran sunan, magana ta ƙare.

Sai yaƙi ya watsa ƙauyen. Matarsa ta riga ta rasu. 'Yarsa ta yi gabas da 'ya'yanta, bayan ta yi kuka ta gaji ya ƙi bin ta. Gida huɗu suka rage masu hayaƙi. Ustaz kan wuni bai yi magana da kowa ba sai tsoho Jibo maƙwabcinsa, wanda rabin hirarsa tari ne.

Dawar gonarsa ta kwana goma sha tara ba ruwa, ganye duk ya naɗe. Ita ce abincinsa na shekara. Ran nan da la'asar sakaliya aka ce ruwa ya sauko daga madatsar Makwar. Mai gadin ƙofofin ruwa ya daɗe da gudu, don haka mai so ya je ya buɗe da hannunsa.

"Bari sai safe, Ustaz," in ji Jibo. "Rana ta yi ja."

"Kafin safe ya wuce. Ko kai za ka ciyar da ni?"

"Da me, da tari? To ji nan. Iyayenmu ba sa taɓa ruwan nan sai sun yi sallama. In kuwa aka amsa maka, kada ka ja gaisuwa."

"Wa zai amsa? Kwaɗo?"

"Karatu ya yi maka yawa, ɗan Sodangi. Jeka."

Ya saɓa fartanya ya kama hanya. Ya wuce makaranta, ƙofofinta a wangale, kashin awaki har gaban allo. Ya wuce gonakin auduga da ba a shuka ba. Ba jaki, ba hayaƙi. Balbelu ne kawai ke wucewa sama, ba su ko kalle shi ba.

Ƙamshin laka ya fara tarbar sa, sannan kukan kwaɗi.

Bututun da ke kai ruwa gonarsa yana ƙasan gaɓa, an toshe bakinsa da buhu da taɓo. Ya gangara. Don tsokana, don kuma ya ji muryar mutum ko da tasa ce, ya ce, "Salamu alaikum, masu gida."

Kwaɗin suka yi tsit.

"Wa alaikumus salam. Maraba da ɗan Sodangi."

Wani dattijo ne zaune a gefen bututun, ƙafafunsa cikin ruwa. Rigarsa fara ce, a jiƙe har kafaɗa. Hausarsa irin ta kakar Ustaz ce, ba kalmar Larabcin Sudan ko ɗaya a ciki. Kafin ilimin shekara talatin ya ce uffan, jikin Ustaz ya yi abin da aka rene shi a kai. Ya tuɓe takalma, ya durƙusa.

"Ina wuni? Ina gajiya? Ina aiki?" in ji dattijon.

"Lafiya lau, baba."

"Ina Sodangi?"

"Ya rasu, baba. Shekara ashirin ke nan."

"Ashsha. Ina Ma'u, wadda ta haife shi?"

"Ita ma."

"Ita ka zuba man hura duk Alhamis," in ji dattijon a hankali. "Tare munka taho daga Rima, tana goye. Iyayenta sun ce Makka za su. Nan sunka aje ni."

Sanyi ya kama idon sawun Ustaz. Ya duba. Ruwa ne, ya hau gaɓa ba motsi, ba sauti.

Ya so tashi. Amma ba a tashi babba bai gama gaisuwa ba.

"Ina jin ka ta taga," in ji dattijon. "Litinin da Laraba. Mai kan zakin nan, ana zuwa gaishe shi?"

"Dutse ne, baba. Baƙi na ɗaukar hotonsa."

"Shina amsawa?"

"A'a."

"Na Masar fa?"

"An tare kogin. Ambaliya ta daina."

"Mai gemu?"

"Yana gidan tarihi. Hannu ɗaya ya karye."

Ruwan ya kai gwiwa, ya wuce, ya kai ƙugu.

"Ashe ni ɗai na rage. Duk ka kira su, ɗaya-ɗaya. Ni ina nan ƙarƙashin taga, ban ji sunana ba."

A nan Ustaz ya lura da abu biyu. Bakin dattijon ba ya motsi. Muryar daga cikin bututu take fitowa.

Wani abu mai laushi, mai sanyi, ya zagaye idon sawunsa. Yatsu ne. Sun fi biyar.

"Zauna. Kai ma ba ka da kowa. Ina ganin ka kana cin tuwo kai ɗai, kana kallon ƙofa."

Ruwa a ƙirji.

Abin da ya fi ba Ustaz tsoro daga baya shi ne, a wannan lokacin bai ga aibin tayin ba. Wata shida ba wanda ya tambaye shi mutanensa da sunayensu.

Ruwa a wuya.

Can nesa, siriri, kiran sallar magariba ya taso. Jibo ne. Ya kai rabi, tari ya sarƙe shi, ya dakata, ya sake farawa. Ladan ne mai mamu ɗaya, kuma mamun yana cikin tur'a.

Ustaz ya miƙe tsaye a tsakiyar maganar babba, abin da bai taɓa yi ba tun da aka haife shi. Ya lalubi fartanya, ya kai wa toshiyar sara. Ya sake. A na uku buhun ya fice.

Bututun ya ja ruwa da ƙara. Yatsun suka sulale.

Ya haye gaɓa da rarrafe, laka a baki, ya zura ba takalmi.

"Ba sallama, ɗan Sodangi?" Muryar ba fushi a ciki. Tambaya ce kawai.

Bakin Ustaz, wanda shi ma an rene shi da kyau, ya amsa da kansa: "A gafarce ni, baba! Sai ka leƙo gida!"

Sai da ya kai makaranta ya ji abin da ya faɗa.

Dawar ta tashi, ta yi kai masu nauyi. Ustaz ya yi wa Jibo cikakken bayani: yunwa, kaɗaici, da yadda bututu ke mayar da murya. Jibo ya saurara har ƙarshe, ya yi tari, ya ce, "Madalla da ilimi."

Tun daga ranar, duk magariba wani siririn ruwa kan biyo lungu ya tsaya daidai ƙofar Ustaz. Ba ya shiga. Yakan jira har a yi isha'i, sannan ya koma. Ustaz ya ce gaɓar tur'a ce ke yoyo, ruwa kuwa gangare yake bi, ko ɗan aji uku ya san haka.

Gidansa ne na ƙarshe a kan tudu.