Tabarmar Bappa Bobboyi

Ranar da Usaid ya fara ganin Nahla, ƙafarsa ɗaya ba takalmi. Shekarar da aka watsa Mubi ce, mutane na kwararowa Yola, wasu a bayan tifa, wasu a ƙafa. Shi da mahaifiyarsa Hansai suka samu masauki a wani tsohon gida na cikin gari, wanda ya buɗe wa 'yan hijira ƙofa har tsakar gida ta cika maƙil.

Nahla, 'yar gidan, ita ce ke rabon tabarmi. Ta zo kansa, ta dubi ƙafar, ta dube shi.

"Ina ɗayan?"

"Ya ƙi barin Mubi," ya ce.

Dariya ta kuɓuce mata, ta yi maza ta rufe baki da gyale, don ba wurin dariya ba ne. Ta miƙa masa wata tabarma mai jan gefe, ta ce, "Jaɓɓama, sannu da zuwa. Allah ya huce gajiya."

Da hankali ya ɗan kwanta, Usaid ya kama musu ɗaki a Jimeta, ya ci gaba da karatu a jami'ar da Nahla take. Nan fa soyayya ta samu gindin zama. Ita tana kiransa Takalmi Ɗaya, shi yana kiranta Mai Tabarma.

"Takalmi Ɗaya, ka ci abinci? Kada ka ce mini lacca ce ta hana ka, na san halinka."

"Na ci, Mai Tabarma, amma ban ƙoshi ba. Ki fito ƙarƙashin darbejiya in gan ki."

Mahaifin Nahla ya daɗe da rasuwa, don haka aurenta yana hannun ƙaninsa, Bappa Bobboyi. Shi kuwa Bappa yana da ɗa, Mu'tasim, wanda ya yi karatu a Turai ya dawo yana sa kwat a zafin Yola, yana cewa fura ta daina karɓar cikinsa. Wannan ɗan ne Bappa yake yi wa tanadin Nahla, ko da yake ta faɗa masa cikin ladabi cewa ba ta yi.

Usaid ya tafi neman izini da dattawa biyu 'yan Mubi. A tsaye Bappa ya bar su a zaure.

"Ni ina da wanda ya tsallaka teku ya yi karatu," ya ce. "Kai me ka tsallaka? Gadan Binuwai, da takalmi ɗaya! Kafin ka nemi 'yan gidan nan, ka fara dawo mana da tabarman da muka ara maka."

Dattawan suka sunkuyar da kai. Usaid ya ji maganar har cikin ƙashinsa. Da zagi ne da ya haɗiye, amma wannan gorin kwanan da uwarsa ta yi a tsakar gidan mutane ne.

"Zan dawo da ita, Bappa," ya ce. "Amma ba yau ba."

Daga ranar ya daina barci mai daɗi. Bai bar ofishin da ake maganar tallafin karatu ba, har masu gadi suka san tafiyarsa. Gaskiya ba son ilimi ne kaɗai ke tura shi ba, so yake ya ga idon Bappa ya yi ƙasa. Yana aji biyu ya samu gurbi a Indiya, inda zai koyi haɗa ƙafar roba, don tun tashin bam a Jimeta yake ganin samari na jan jiki da sanda. Tallafin ya ɗauke kuɗin makaranta, ya bar masa tikiti da abin sawa a baki.

Nahla tana da saniya. A gidajensu, ranar suna uba kan ba jariri karsana, ta zama tasa ita da duk abin da ta haifa, ba mai iko da ita sai shi. Ta Nahla fara ce sol, sunanta Raneye, kuma ita ce abu na ƙarshe da ya rage mata daga hannun mahaifinta. Wata Laraba ta sa aka kai ta kasuwar shanu ta Ngurore ita da 'ya'yanta.

"Ba zan karɓa ba," in ji Usaid, idonsa jajir.

"An riga an sayar. Ko ka karɓa, ko in ba Mu'tasim ya ƙara kwat."

Ya karɓa. Ya naɗe tabarma mai jan gefe ya ɗaure a jikin akwatinsa, ma'aikatan filin jirgi na ta yi masa dariya.

Karatun waje a hoto ne yake da daɗi. Usaid ya koyi cin abinci sau ɗaya a wuni, ya koyi yin shiru idan 'yan aji suka yi masa kallon baƙo. Ya kuma koyi aiki na gaske: auna dungulmi, zuba filasta, goge roba har ta zauna ba ta cizon fata. Duk ranar da ya so ya karaya, sai ya shimfiɗa tabarmar ya tuna muryar Bappa, ya miƙe ya koma ɗakin gwaji.

Yana tsakiyar jarrabawa aka kira shi. Hansai ta rasu da safe, an kai ta kafin azahar. Ko ƙasar kabarinta bai taɓa ba. Ya kifa kai a kan tabarmar ya yi kuka, ya ɗora wannan ma a wuyan Bappa.

Ba a jima ba Mu'tasim, don neman magana, ya turo masa hoton akwatunan lefe a tsakar gidan su Nahla. Usaid bai yi tambaya ba, ya rubuta mata:

"Na ga akwatuna. Allah ya sanya alheri. Ki gaida Bappa."

Amsa ta zo da zafinta:

"Lefen Adda Hafsah ne, yayata da ka sani. Na sayar da saniyar babana saboda kai, na yi zaman makokin Dada mahaifiyarka a madadinka, shi ne hoto ɗaya zai sa ka sallama ni? Kada ka kira ni."

Sai da ya yi ta lallashi har bakinsa ya bushe kafin ta sake ce masa Takalmi Ɗaya.

Ya dawo da takardarsa, ya buɗe ɗan wurin aiki a Jimeta, kuma har yau masu sanda na shiga su fito da ƙafa biyu. Mu'tasim ya gaji da jira ya auri wata, kwat ɗin ma sun yi masa kaɗan. Amma Usaid bai huce ba. Shirinsa shi ne ya nemo Raneye ya saye ta, ya kora ta ƙofar Bappa ranar Juma'a a gaban jama'a, ya jefar masa da tabarma a kai.

A Ngurore ya samu dillalin da ya yi cinikin.

"Farin saniyan yarinyan nan? Ai bai je ko'ina ba. Alhaji Bobboyi ya saya ta hannuna, ko ragi bai nema ba. Ya ce kada yarinya ya sani. Yana garkensa a Mbamba."

Usaid ya tsaya sororo. Ashe duk shinkafar da ya ci a Indiya yana cizon yatsa, daga aljihun Bappa ta fito. Wani sabon haushi ya turnuƙe shi, don ba abin da ya kai a ɓata wa mutum ramuwa ciwo.

Duk da haka ya je. Ya tarar da Bappa a zaure, gemu ya yi fari. Ya warware tabarmar, duk ta zare, jan gefen ya koɗe.

"Ga aronku, Bappa. Ta tsallaka teku ta dawo."

Bappa ya daɗe yana kallonta.

"Na je Ngurore," in ji Usaid.

"Ba don kai na saya ba," Bappa ya faɗa da sauri. "Saniyan suna ba ya fita gida. Hamma na, uban Nahla, shi ne ya ba ta, ba zan bari mahauci ya sa mata wuƙa ba."

"Amma kuɗinka ne ya kai ni."

"Shi ne abin da ya fi ba ni haushi."

"Dada ta rasu ba na nan, Bappa."

Tsohon ya sauke ido ƙasa, abin da Usaid ya yi shekaru yana jira. "Na sani. Ina cikin sahun jana'iza." Sannan ya ce, "Maganan da na yi maka bai dace ba. Ka turo manyanka."

Alfarma ɗaya Usaid ya roƙa, cewa ranar ɗaurin aure waliyyin amarya ya zauna a kan wannan tabarma. Ramuwa ce, kada wani ya ce muku ba ita ba ce. Ga darduma masu laushi an shimfiɗa wa baƙi, ga Bappa Bobboyi da babbar riga a kan zararriyar tabarma, dattawan nan biyu na Mubi suna gabansa. Liman ya tambaya, Bappa ya ce, "Na ba shi," da ƙarfi har na waje suka ji. Ya ƙara da cewa Raneye da 'ya'yanta sun koma hannun mai su.

Da yamma aka kawo amarya. Da mata suka watse, Nahla ta ɗaga mayafi ta dube shi.

"Takalmi Ɗaya, ka huce?"

"Saura kaɗan, Mai Tabarma."

"Me ya rage?"

"Da Dada ta gani."

Ta kama hannunsa ta riƙe, sannan suka ɗaga hannu tare suka yi wa Hansai addu'a. Allah ya ji ƙanta, ya ba su zaman lafiya, ya kawo zuri'ar da za a yi wa suna da 'ya'yan Raneye. Amin.