Makaɗi Ba Ya Jiran Kowa

Ranar da ta fara zuwa ajin rawar ta makara da minti bakwai. Ta tura ƙofa ta shige da takalminta, ganga na tashi, mata goma sha biyu na juyi a gaban dogon madubi. Malama ta ɗaga hannu ɗaya, kiɗan ya mutu.

"'Yata, koma waje."

"Yi haƙuri, Malama."

"Ajiye haƙurinki, zai yi miki amfani a gaba. Takalmi a bakin ƙofa yake zama. Wanda ya makara kuma ya tsaya can har kiɗa ya sauka, in na dube shi ya shigo."

Ta koma tana jan ƙafar hagu, kunya kamar ƙasa ta tsage ta shige. Da ta sunkuya cire takalmin ne ta hango makaɗin a kusurwa, a kan wata gajeruwar kujera. Ya ɗago ya dube ta sau ɗaya, ya yi saurin mayar da kai ƙasa kamar wanda aka kama da sata.

Daga baya ta ji cewa ɗan Malama ne, kuma shi ma yana da tasa dokar. Ajin na mata ne, don haka makaɗi ƙafa yake kallo, ba fuska ba.

Ba son rawa ne ya kawo ta ba. Shekara biyu ke nan da hatsarin motar da ya ɗauke mahaifiyarta, ya bar mata ƙarfe a idon sawu. Likita ne ya ce rawa za ta saki jijiyar. Kullum in ta tashi daga aikinta na ɗakin karatu, sai ta ɗaure ƙafar da wani shuɗin bandeji, ta tsaya a layin ƙarshe kusa da taga.

A hankali ta koyi zaman ajin. Ba a ratsa gaban mai rawa. Ba a gyara wa ƙawa kuskure, wannan aikin Malama ne. In an gyara maka ka ce na gode. Ba a fita kiɗa na tashi, ko da gini ne ke faɗuwa, sai an nemi izini. In an tashi kuma kowa ya juya ya tafa wa makaɗi sau uku.

Abu ɗaya ne ya gagare ta. Duk juyin da za a yi ta hagu, ƙafarta sai ta sauka bayan ta kowa.

A sati na biyar ta manta bandejinta a kan benci. Washegari da safe saƙo ya shigo wayarta.

"Salamu alaikum, Mai Shuɗi. Kin bar rabin ƙafarki a wurinmu. Na wanke, na shanya. Lambarki a rukunin aji na gani, in na yi laifi a yafe mini."

Ta karanta sau huɗu kafin ta amsa.

"Na gode. Ta yaya ka san nawa ne?"

"Fuskarki sau ɗaya na gani. Ƙafarki kuwa ko a cikin dubu zan gane ta."

"To, Malam Sunkuyau, Allah ya ba wuyanka lafiya."

"Amin. Amma ki sani, tun ranar da kika shigo wuyan nan ke son tawaye."

Ta kifa wayar a kan tebur, ta daɗe tana murmushi ita kaɗai a tsakanin kantocin littattafai.

Haka suka ci gaba. A aji ko gaisuwa ba sa yi, amma da rana saƙo ba ya yankewa. Ta ba shi labarin mahaifiyarta, abin da ba ta taɓa zama ta faɗa wa kowa ba. Shi kuma ya gaya mata tun yana ɗan shekara tara yake yi wa Malama kiɗa, kuma bai taɓa jin ta ce ya yi daidai ba.

Sai abin mamaki ya fara faruwa: ƙafarta ta daina makara. Duk juyin hagu sai ta ji ta sauka daidai kan bugun ganga. Ta je gida da murna ta ce wa Baba, "Baba, ina jin na fara warkewa."

Baba mai gyaran agogo ne. Ya cire gilashin da ke idonsa ya dube ta, ya ce, "Allah ya sa." Shi ne ke tuƙin motar ranar hatsarin, kuma tun daga nan bai ƙara yin dariya mai sauti ba.

Wata Laraba ana tsakiyar juyi Malama ta ɗaga hannu.

"Kai, wa kake jira?"

Makaɗin ya ƙara sunkuyar da kai, Malama ta ci gaba.

"Sati uku ina ƙirga ɗaya, biyu, uku, kai kana jan na ukun kamar roba. Ka sa mata goma sha biyu suna tsayuwa da ƙafa a sama saboda mutum ɗaya. Makaɗi ba ya jiran kowa. Wa kake jira?"

Sai wadda ake kira Tauraruwa, ta layin gaba, wadda ta daɗe tana kawo masa ruwan sanyi yana cewa ya ƙoshi, ta yi dariya ta cikin madubi.

"Haba Malama, ai tausayi ne. Lada yake nema, a bar shi ya samu."

Mai Shuɗi ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Ashe ba warkewa ta yi ba. Ashe gangar ce ke ɗingishi tare da ita. Malama ta ce a ci gaba, kiɗa ya tashi, ita kuwa ta ratsa ta gaban layi uku, ta ɗauki takalminta a hannu ta fice ba ta waiwaya ba.

Saƙonsa ya riga ta isa gida.

"Mai Shuɗi, na yi kuskure. Amma wallahi ba tausayi ba ne."

Ba ta amsa ba. Bayan kwana biyu wani saƙon ya shigo.

"Zuciyata, ko zagi ne ki turo, in san kina lafiya."

Ta rubuta masa layi ɗaya: "Ka sa na yi wa mahaifina albishir ɗin ƙarya."

Bai sake turo saƙo ba. A maimakon haka, ran Asabar da hantsi ya je shagon Baba, ya durƙusa tsakanin agogunan bango, ya faɗi abin da ke tafe da shi, wato neman aurenta. Baba bai ɗago daga agogon da yake buɗewa ba.

"Kai ne ka rage mata gudun kiɗa?"

"Ni ne, Baba."

"Yaro, agogon da ke latti ba a gyara shi da mayar da sauran agogunan baya. Ni na karya yarinyar nan da hannuna. Ba zan ba da ita ga wanda zai ɗauke ta don tausayi ba, ranar da tausayin ya ƙare ya dire mini ita. Tashi ka tafi."

A gida ma makaɗin bai samu sauƙi ba. Malama ta ce muddin tana numfashi, makaɗinta ba zai zaɓi matar aure daga cikin ɗalibanta ba, don iyaye amana suka ba ta.

Wata biyu suka wuce. Ƙafar ta koma ta ƙage, ita ma ta rame. Wata rana Tauraruwa da kanta ta shigo ɗakin karatun, ta tsaya gaban teburinta tana murza zoben hannunta.

"An rufe aji. Malama ta faɗi, ɓarin jikinta ɗaya ya shanye. Jiya ta tambaya ina wadda ta fita ba sallama." Ta sunkuyar da kai. "Maganar da na yi kuma, kishi ne. Ki yafe mini."

Da yamma ta je gidan. Ta cire takalmi a bakin ƙofar ɗakin, ta tsaya can ba ta shiga ba. Malama na kwance, ta yi ƙanƙanta a cikin bargo, ɗanta na zaune a gefen gado yana ba ta ruwa da cokali. Sai da tsohuwar ta juyo da ido ta dube ta, sannan ta shiga ta durƙusa.

"Malama, na fita ban nemi izini ba."

Maganar Malama na fita da ƙyar, baki a karkace. "Kin ratsa... layi uku."

"Na ratsa."

"Laifinsa ya fi naki. Ya ɓoye miki gaskiyar ƙafarki." Ta numfasa. "Amma shekara ashirin yana yi mini kiɗa, bai taɓa saɓa ƙirgata ba. Sai a kanki. Tausayi ba ya sa ɗana ya yi mini haka."

Mai Shuɗi ta sa kuka. Ta juya gare shi, a karo na farko suka dubi juna sosai.

"In na yarda na aure ka, ba za ka ƙara jira na a ɓoye ba?"

"Ba zan ƙara ba. In kin makara zan faɗa miki a gaban kowa, ki ji haushina, mu shirya a hanya."

Ta yi dariya cikin hawaye. "Ashe ma kana da ido, Sunkuyau."

Ita da kanta ta je wa Baba da maganar. Ta zauna a kan bencin shagon ta ce, "Baba, ƙafar nan ba za ta koma kamar da ba, na sani, shi ma ya sani. Kai ma ka daina jira ta warke kafin ka yafe wa kanka." Baba ya juya mata baya. Daga nan ya ce, "Ce masa ya turo manyansa."

An matso da ranar auren saboda jikin Malama, don likita ya ce kada a ja lokaci. Aka ɗaura aure ba kiɗa, ba taro, daga dangi sai matan aji goma sha biyu da suka cika falo. Zuwa lokacin maganar Malama ta ɗauke gaba ɗaya.

Aka kai amarya da ango gaban gadonta. Ta lalubo wani abu a ƙarƙashin matashi da hannunta mai lafiya, ta danƙa a tafin amarya, ta rufe mata yatsu a kai. Makullin ajin ne.

"Malama, ni? Ni da na fi kowa rashin iyawa?"

Angon ya share ido da hannun riga. "Ba ta ce ki koyar ba, amaryata. Cewa ta yi kada ki bari ya zauna a rufe."

Tsohuwar ta lumshe ido alamar haka ne. Kwana goma sha ɗaya kawai ta ƙara a duniya bayan wannan, amma a ranar fuskarta ta saki.

Baba ya matso daga bakin ƙofa, ya ɗora hannu ɗaya a kan 'yarsa, ɗaya a kafaɗar surukinsa. Ya ce, "Allah ya yi muku albarka. Allah ya ba ku haƙurin zama da juna, ya sa ku ga jikokinku. Ya jiƙan wadda ba ta ga wannan rana ba."

Matan da ke falo suka amsa da amin, amarya kuma ta ƙara damƙe makullin a hannunta.