Kunnen Rago a Gwangwanin Taba

Ku matso ku zauna, ku ukun duka. Torkil, ajiye wayar nan. Rannva, ke jiya kika sauko daga birni, ba ki san abin da ake ciki ba, don haka daga farko zan ɗauko. Sunnva, auta, share fuskarki, ba wata mutuwar aka sake yi ba.

Shekara shida ke nan Bogi, ɗan maƙwabcinmu Esmar, yake son Sunnva, ubanku Hanus kuwa ya ce ba zai haɗa jini da gidan maƙaryata ba. Dalilin kun sha ji: shekara arba'in baya Esmar ya ce Hanus ya sace masa rago a kan dutse, Hanus ya tsaya a ƙofar coci ya ce ƙarya yake. Daga ranar ko gaisuwa babu. Yarinyar nan ta haƙura, ba ta gudu ba, ba ta ɗaga wa ubanta murya ba.

Watan jiya muka binne Hanus. Torkil ya gaji tumaki, ya haɗa da taurin kai. Ran Lahadi Bogi ya zo da busasshen kifi a hannu, ya tsaya a ƙofa yana murza hula.

"Malam, lafiya?" in ji Torkil. "Ƙasar kabarin Baba ba ta kwanta ba ka zo mana zance?"

"Haba Yaya!" Sunnva ta ce. "Shekara shida fa! Rigar sanyi biyar na saƙa masa, saura in saƙa wa jirgin kamun kifinsa!"

"Ki saƙa ta shida. Abin da Baba ya ƙi, na ƙi."

Bogi ya ajiye kifin, ya ce ran Juma'a jirginsu zai tashi, in an hana shi ba zai sake zama a tsibirin nan ba. Ya tafi, ta shige ɗaki tana kuka.

Ran Litinin Torkil yana gyara rumfar shanya nama, sai ya zaro wani gwangwanin taba daga bayan katako. Ya shigo kicin da shi kamar ya tsinci maciji. Busasshen kunnen rago ne a ciki. Shaidar da gidanmu yake yi wa kunnen tumaki tsaga biyu ce. Wannan an yanke bakinsa an huda shi sau ɗaya, kuma ko yaron goye a tsibirin nan ya san shaidar gidan Esmar ce.

"Mama, mene ne wannan?"

Dariya ta ƙwace min har sai da na dafa tebur. Na ce, "Abincin bikina ne."

To ku ji abin da ban gaya masa ranar ba. Ubana ya ce ba zai ba da 'yarsa ga wanda ba shi da ragon yankawa ran biki ba. Hanus tumaki uku gare shi, duk haƙarƙari a waje. Ya hau dutse ya kamo na Esmar. Kada ku zaro min ido, ni na riƙe ƙafafun! Esmar ya zo biki, ya ci ya ƙara, har yana yaba naman.

Duk Kirsimeti ubanku sai ya ɗauko gwangwanin nan, ya sa kwat, ya kai bakin shingen Esmar, ya dawo ya ce iska ta yi yawa. Ni ma ban tura shi ba, laifina ne wannan, ban ɓoye ba.

Jiya na ɗauki sandata na tsallaka. Na ajiye wa Esmar kunnen kusa da kofinsa. Ya juya shi, ya juya, ya ce, "Marjun, sauran fa?"

Na ce, "Yana cikinka, tsohon banza."

Ya yi dariya har haƙoransa na roba suka motsa. Ya ce tun a loma ta biyu ya gane, don ba wanda yake da rago mai kitse haka a shekarar sai shi. Sannan ya ce, "Ba ragon ne ya ƙona min rai ba. A gaban uwata ya kira ni maƙaryaci, ta mutu mutane suna kallona da shi. A inda aka ɓata sunana nake so a wanke shi. In an yi haka, gobe ma a ɗaura auren."

Kun ji. Ƙaryar da aka yi don a kare mutunci ta fi satar cin mutunci, kuma 'ya'ya ne suke ɗaukar nauyinta. Ita kuwa wadda ta yi haƙuri, ga shi gaskiya ta fito mata daga bayan katako. Ubanku ya so ni so na hauka, wannan kam ba zan ƙi faɗa ba, amma ɓarawon rago ne.

Gobe Alhamis ana taron addu'a a coci. Ni ƙafata ba ta hawa matakalar nan. Torkil, na ga ka sunkuyar da kai, "sori" a cikin kicin ba ta isa ba. Ko kai ka tsaya a ƙofar cocin ka faɗi gaskiya, ko ku je ku uku, wannan ya rage naku. Ku dai kashe maganar nan kafin jirgin Bogi ya tashi. Ragon biki kuma, don Allah, a duba kunnensa kafin a yanka.