Hannun Da Ya Murɗa

Da magariba abin ya fara, uwar gidan tana kwashe shanya. Ƙwayayen wutar falo, irin na halojin ɗin nan da ake binnewa a silin, suna ta ƙugi kamar zuma a tulu. Ba ta damu ba. Tun ranar da maigidan ya cire tsohon makunni ya sa mai murɗawa, wanda ke rage haske ya kuma ƙara shi, haka suke yi. Mai shago ya ce makunnin bai dace da ƙwayayen ba, amma wa ya isa ya gaya wa maigidan magana? Mutum ne ɗan a-sani. Baƙo bai gama zama ba zai kai hannu bango, ya rage wutar har ta koma ja kamar garwashi, sannan ya murɗe ta gaba ɗaya har haske ya ƙure, yana dariya. Ranar ma haka ya yi wa abokansa, ƙwai ɗaya ya fashe, tas.

Sai ga tsakuwa a kan rufi. Shiru. Sai ga wata a tsakiyar falo, alhali ƙofa a rufe take.

Haka aka yi ta fama. Rana na faɗuwa wutar za ta rage kanta, a ji kukan yaro siriri a cikin silin. Auta, ƙaramar 'yarsu mai shekara shida, ta daina cin abinci, ta koma tsayuwa ƙarƙashin ramin ƙwan da ya fashe, ko ƙiftawa ba ta yi. Ranar da ta yi magana da muryar tsohuwa, uwar ta aika a kira malam mai ruƙiyya.

Malam ya daɗe yana karatu kafin muryar ta amsa. Aljana ce. Ta ce ita da ɗanta a silin nan suke tun kafin a yi wa gidan fenti, ba su taɓa cutar kowa ba. In an kunna wuta su ɓuya, in an kashe su fito. Amma wannan jan hasken ɗanta ya ɗauka almuru ne, ya matso yana jin ɗumin ƙwan, sai aka murɗe, gilashi ya tarwatse a idonsa.

Malam ya ce za a cire makunnin, a bar musu silin. Ta yi dariya. Ya matsa da karatu har ta yi kururuwa, ta ce ta ji, za ta fita, amma ba hannu rabbana ba.

"Idon wanda ya murɗa nake so. Ban gan shi ba. Ku faɗa mini, in ɗauka in tafi."

Malam ya ce kada wanda ya amsa mata, a bar shi da ita, ya ɗaga murya. Amma kan yarinyar ya riga ya fara juyawa a hankali, yana bin fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan maigidan, uwar ta ga gumi na bin wuyansa.

"Yarinyar ce," in ji shi, murya can ƙasa. "Kullum tana wasa da shi."

Auta da hannunta ko kaiwa makunnin ba ya yi. Uwar ta buɗe baki za ta ce ƙarya ne, wallahi ƙarya ne, amma yarinyar ta riga ta zube. Ƙugin ya ɗauke, wuta ta haske falon fes.

Malam ya naɗe buzunsa ya fita, bai ko kalli maigidan ba. Uwar ta rungume 'yarta, zuciyarta cike da tsanar mutumin nan da take aure. Can Auta ta motsa, ta buɗe ido tar, tana laluben iska.

"Abba, ka ƙara wutar mana, ba na ganin Umma."

Ya kai hannu bango. Makunnin a ƙure yake.