Sikelin 'Yar Awo

Wani ɗan sikelin awon abinci ta kawo shagonsa na gyare-gyare, a naɗe cikin hankici kamar jariri. Da ya ɗago ya kalle ta, saura kaɗan sukudireba ta kuɓuce masa.

"Ki sayi sabo mana, wannan ya tsufa."

"Na yayata ne," ta ce. "Ka dai gyara."

Ya gyara, ya kuma san yadda ya yi ya karɓi lambarta. A hankali ta gaya masa tana da cutar gado: jikinta ba ya iya sarrafa wani sinadari da ke cikin nama, ƙwai, madara da wake. In ya taru a jini, ƙwaƙwalwa yake taɓawa. Duk lomar da za ta ci sai ta auna. Ya raɗa mata 'Yar Awo, ita kuma tana ce masa Mai Sikelina.

Ranar da ya kai ta gaida mahaifiyarsa, tsohuwa ta soya kaza guda. Baiwar Allah ta sunkuyar da kai, ta kasa ci.

"Girkina ne ba ta so?" in ji Mama bayan ta tafi. Da ya yi bayani, abin ya ƙara ɓaci. "To jikokina fa? Ban yarda ba."

Da yamma, bayan ya gaya wa 'Yar Awo yadda suka yi, saƙonta ya shigo: "Mai Sikelina, Mama tana da gaskiya. Ka nemi lafiyayya. Ni ma tsoron ciki nake."

Ya amsa: "'Yar Awo, likita ya ce in an daidaita jininki kafin ciki, aka kula har haihuwa, akwai kyakkyawan fata. Kar ki yanke mana hukunci ke kaɗai."

Ta fashe da kuka, ta nuna wa yayarta saƙon.

Yayarta ce ta je wurin Mama, ta durƙusa a bakin kicin.

"Mama, irin cutarta gare ni. Da na yi ciki, surukata ta riƙa dafa min nama da ƙwai don ƙauna. Na ji kunyar ƙi, na ajiye sikelina, na ci. Ɗana ya zo da ciwon zuciya, bai yi mako ba. Kazar da ƙanwata ta ƙi, jikanki take karewa."

Mama ta share ido da bakin mayafi.

Ranar biki, jama'a na ta cin nama, Mama ta ja amarya ɗaki. Ta ɗora faranti a kan tsohon sikelin da hannunta, tana ƙanƙance ido.

"Ya yi, 'yata, ko in rage?"

"Ya yi, Mama."

Yayar na tsaye a bakin ƙofa, hawaye na zuba.

"Allah ya ba ku masu albarka," ta ce. "Ya raya muku su."