Lakca a Cikin Mota

Inna na zaune a falo tana jan carbi sai ta ji muryar namiji daga ɗakin ɗanta Auta: "Malama, filis a maimaita, ban gane ba!"

Auta kuwa yana wurin aiki. Inna ta miƙe ta banko ƙofar.

Surukarta ce zaune gaban kwamfuta, fuskokin ɗalibai cike da allon. Malamar jami'a ce, kuma tun farkon zango aka raba musu koyarwa biyu: wasu ranaku a aji, wasu ta intanet.

"Su waye waɗannan ƙartin a ɗakin ɗana?"

"Inna, ɗalibaina ne — lakca muke yi."

"Lakca a bakin gado? Kashe min abin nan!"

Duk ajin ya ji. Wani ma ya fashe da dariya kafin Malama ta rufe kwamfutar.

Da Auta ya dawo, ya durƙusa ya yi wa mahaifiyarsa bayani, amma Inna ta kafe.

"Ban hana ta aiki ba. Amma muryar ƙato ba za ta sake shiga gidan nan ba. In ba haka ba, ka mai da ni gidan yayanka."

A ɗaki ya tarar da Malama tana kuka, jaririyarsu a cinya.

"Da wane ido zan kalli ɗalibaina? A ofis mu da yawa ne, ga yarinya tana shan nono. Ina zan zauna?"

"Ba zan ɗaga wa Inna murya ba," in ji shi, "kuma ba zan ce ki bar aikinki ba." Ya ajiye mata makullin motarsa. "Ni zan riƙa hawa motar haya."

Daga ranar, duk lakcar intanet a cikin mota Malama ke yin ta, a ƙofar gida, gilashi a rufe saboda hayaniya. Ta fito jiƙe da gumi, ta shayar da yarinya, ta gaishe da Inna kamar kullum. Ba ta kai ƙara gidansu ba, ba ta canza fuska ba. Inna na leƙenta ta taga.

Wata safiya, ranar shiga aji, Inna ta yafa mayafi.

"Mu je in ga ƙartin nan da idona."

A aji, Inna ta zauna a kujerar baya. Ta ga samari, ta ga magidanta masu furfura, ta ga mata. Wata ɗaliba mai tsohon ciki ta matso ta gaishe ta.

"Mama, mijina ya ce in bar karatu saboda nisa. Da aka ce rabi daga gida ne, sai ya haƙura."

Da suka dawo gida, Inna ta ce wa Malama, "Ki ba mijinki motarsa. Gobe ki shimfiɗa kayanki a falo, ni zan riƙe yarinya." Ta dube ta. "Na ɓata miki, 'yata. Ki yafe min."

Malama ta durƙusa, hawaye na zuba. Auta, da ke tsaye a wurin, ya juya baya yana share nasa.

Da Malama ta rama, da gidan ya watse. Da shi ya zaɓi ɗaya, da ya rasa ɗayar. Haƙurinsu ne ya bar wa tsohuwa sararin da za ta sauko da kanta, ba tare da an kunyata ta ba.