Nauyin Kwanon Gero

"Wallahi ba za a yi min aikin nan ba, Ikrima!"

"Sa'adiyya, ki tsaya ki ji mana..."

"Me zan ji? Da kunnena na ji likita ya faɗa! In aka sa min gwiwar ƙarfe a hannu, har in mutu ba zan ɗaga abin da ya fi kwanon gero nauyi ba. Asiya kwano nawa ce?"

Saukarmu ke nan daga motar Kano, mijina ko hularsa bai cire ba.

Tun da na haifi Asiya sanyin ƙashi ya kama min gwiwoyin hannu. Suka kumbura, suka ƙage, ko bakina hannuna ba ya kaiwa. Ikrima ke ba ni tuwo a baki, shi ke min alwala, shi ke ɗaura min ɗankwali, kullum a karkace, matan gida na dariya. 'Yata kuwa a bayan yayata Barira ta girma. Abu ɗaya nake roƙon Allah, in warke in ɗauki abata.

"Sanyin idona," ya ce a hankali, "yanzun ma ai ba kya iya ɗaukarta. Ciwon nan cin ki yake ina kallo... na gaji da jin nishinki ban da abin yi."

Sai ga hawaye a idonsa. Shi ke nan, na yarda.

Hannun dama aka fara yi. Na sha wuya a asibiti, amma ranar da muka dawo Makoɗa hannun yana lanƙwasuwa, zugin nan ya tafi. Mata suka cika tsakar gida ana barka.

Can sai ga Asiya da gudu, hannu biyu a sama.

"Umma, ɗauke ni! Baba ya ce an gyara hannunki!"

Wayyo Allah! Ban san sanda na sunkuya ba. Ikrima ya yi caraf ya riƙe ni.

"Sa'adiyya, don Allah..."

"Sau ɗaya tak! Sake ni!"

"Ƙarfen zai kwance. Ki rufa min asiri."

Asiya na tsaye tana jira, ta kalle ni, ta kalli ubanta. Hannayenta suka sauko a hankali. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Juyawa kawai ta yi.

"Inna Barira, ke ɗauke ni."

Barira ta dube ni, idonta ya kaɗa. Na gyaɗa mata kai, ta saɓa ta a kafaɗa.

Ikrima ya miƙo hannu zai share min hawaye yadda ya saba. Kafin ya kai, sabon hannuna ya riga shi. Aikin da ya fara yi min ke nan.